Lamba a Damtsen Iyayenmu

In akwai tsoho a gidanku, ya mai karatu, wanda ya haura shekara 60, ka roƙe shi ya naɗe hannun rigarsa ka dubi damtsensa. Za ka ga wani tabo zagayayye, girmansa kamar sisi, fatar wurin ta ɗan lotsa. Iyayenmu suna ce da shi lamba. Mu da aka haifa wajen 1980 ba mu da irinsa, sai ɗan ƙaramin tabon allurar tarin fuka, gama kafin mu iso duniya cutar da a ke yi wa mutane lamba dominta ta riga ta ƙare. Agana ke nan. Cikin mutum goma da ta kama ta kan kashe wajen uku, waɗanda suka tashi kuwa ta bar su da zanzana a fuska, waɗansu har da makanta. Yaran ajinmu ba su taɓa jin sunanta ba. Ran da muka rubuta shi a allo, wani yaro ya ɗauka sunan gari ne.

Yadda aka ga bayanta labari ne da ya kamata kowane gida ya sani, tun da ya ke a ƙasarmu aka gano dabarar. A watan Disamba na 1966 agana ta ɓulla a yankin Ogoja, can gabashin Nijeriya. Akwai wani likita ɗan Amurka mai suna William Foege, yana aiki tare da mishan na Lutheran a wannan yanki. Maganin lambar da ke hannunsa bai isa a yi wa kowa da kowa ba. Sai ya yi magana da 'yan mishan da ke warwatse cikin ƙauyuka ta rediyon da su ke jin juna da shi, ya roƙe su su aika mutane ƙauye ƙauye su binciko inda mai agana ya ke. Da labari ya dawo, sai aka bi aka yi wa mutanen gidajen nan lamba, da maƙwabtansu, da mutanen kasuwannin da su ke ci. Watau aka yi wa cutar shinge, kamar yadda manomi ya kan share gefen gona kafin wutar daji ta iso. Ba a ko kai ga rabin jama'ar yankin ba, cutar ta mutu. Daga baya aka bi wannan hanya a Indiya da sauran wurare, har a watan Mayu na 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela cewa babu agana kuma a bayan ƙasa. Amma fa shingen nan da damtsen mutane aka kafa shi. Da mutanen gidajen nan sun ƙi miƙa hannu, da hikimar likita ba ta amfana kome ba.

Abin da ya sa muka tono wannan, a 2021 kalmar nan lamba ta dawo bakin mutanenmu, amma da wata ma'ana dabam.

Kowa ya tuna yadda korona ta zo mana. An tabbatar da mutum na fari a Legas ran 27 ga Fabrairu, 2020. Cikin watan Maris aka rufe makarantu, mu malamai muka koma gida muka zauna wata da watanni, waɗansunmu suka koma gona, gama makarantar ekklesiya ba ta da abin biyan albashi in yara ba su zo ba. Cikin Afrilu masu haƙa kabari a Kano suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu, daga baya kuwa ministan lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce cikin mutuwa kusan 1,000 da aka bincika a can, rabi ko fiye da haka suna da nasaba da korona. A wannan wata kuma ta ɗauke Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa. A lokacin nan addu'ar kowa ita ce a sami magani. Ran 2 ga Maris, 2021, jirgi ya sauka Abuja da allurar rigakafi ta AstraZeneca kusan miliyan 4, bayan kwana huɗu kuma aka nuna Shugaba Buhari da mataimakinsa Osinbajo ana yi musu a talabijin. Abin da aka roƙa ya zo. Sai mutane suka ja baya.

Mun ji maganganu iri iri, a ɗakin malamai, a ƙofar majami'a bayan sujada, da cikin wayoyin hannu, inda WhatsApp ya ke kawo sabon labari kowace safiya. Waɗansu suka ce duk wanda aka yi wa zai mutu cikin shekara biyu. Waɗansu suka ce tana hana haihuwa. Aka ce akwai ɗan ƙarfe a ciki wanda zai riƙa magana da turakun waya na 5G, har muka ga samari suna manna cokali a damtsen wani malami da aka yi wa, su ga ko zai kama. Ba a kasuwa kaɗai a ke faɗin waɗannan ba. Tashar talabijin ta Loveworld, wadda mutanenmu da yawa su ke kallo, hukumar da ke lura da gidajen watsa labarai a Ingila ta ci ta tara a 2021 saboda maganganu marasa tushe a kan korona. Amma maganar da ta fi shiga gidajenmu ita ce ta lamba. Aka ce allurar nan ita ce lambar nan 666 da a ke karantawa cikin Ru'ya ta Yohanna sura 13.

A kan wannan za mu faɗi ra'ayinmu a taƙaice. Duk wanda ya karanta surar nan a natse zai ga zancen sujada ne, watau wa mutum zai durƙusa wa, da saninsa da yardarsa. Ba a ce wa kowa ya musunci bangaskiyarsa kafin a tsira masa allura ba, kuma mai bi da marar bi layi ɗaya suka bi. Mun kuma tuna an faɗi wannan magana a kan katin ɗan ƙasa, an faɗe ta a kan BVN na banki, ga shi waɗanda suka faɗa da ƙarfi yau da BVN ɗin su ke karɓar kuɗin da 'ya'yansu su ke aiko musu daga birni. Tsoffin da ke zaune a kujerun gaba na majami'a kuwa, da lamba a damtsensu aka yi wa yawancinsu baftisma.

Yara sun fi manya saurin gane yadda rigakafi ya ke aiki, watakila domin sun san jarrabawar gwaji. Kafin 'yan aji shida su shiga babbar jarrabawa mu kan ba su ta gwaji. Ba ta kayar da kowa, amma wanda ya yi ta ya riga ya ga irin tambayoyin, ran gaskiya hannunsa ba ya rawa. Haka jiki ya ke. Allura tana nuna wa jiki kamannin wani ɓangare na ƙwayar cutar, ɗan ƙayan nan da ke bayanta wanda ta ke maƙalewa da shi, ba tare da cutar kanta ba. Jiki ya yi shiri, ya tanadi mayaƙansa. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu da ciwon damtse da mutane suka ji, wanda waɗansu suka ɗauka guba ce, shirin nan ne a ke yi. Ba za mu ce allura ba ta da aibi ko kaɗan ba. An sami mutane ƙalilan ƙwarai, cikin dubban dubbai, da ta AstraZeneca ta jawo musu daskarewar jini, kuma likitoci da kansu ne suka gano haka suka faɗa. Ba ta kuma hana kamuwa ɗungum, musamman da irin nan Omikron ya zo a ƙarshen 2021. Babban aikinta shi ne ta hana cutar ta kai mutum gadon asibiti ko kabari. Ɗan makarantar da ya yi jarrabawar gwaji ya kan faɗi tambaya ɗaya ko biyu, amma da wuya ya faɗi jarrabawa duka.

To, in haka ne, don me mutane masu hankali suka ƙi? Ma'aikatan gwamnati suna son su ce jahilci ne. Mu ba mu yarda ba. Cikin waɗanda suka ƙi a garinmu akwai malamai, akwai mai digiri, har da ma'aikacin asibiti. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle, mutanenmu kuwa an sare su ba sau ɗaya ba.

A 1996 sanƙarau ya yi ɓarna mai tsanani a arewa, dubban mutane suka mutu. Cikin tsakiyar wannan, kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi haka, iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji a ke yi da 'ya'yansu ba. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne na mai ciwo, ba allurar rigakafi ba, amma wa zai tsaya rarrabe wannan sa'ad da ya ji sunan kamfanin nan ɗaya a kan kwalbar allurar korona? Gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, a bainar jama'a ya tuna wa mutane wannan labari a farkon 2021, yana sa musu shakka. Ga kuma abin da idonmu ya gani a watan Oktoba na 2020, sa'ad da jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Jos da waɗansu garuruwa suka tarar da buhunan abincin tallafin korona jibge, alhali an sha yunwa lokacin kulle. Wani uba ya ce mana, "Malam, wanda ya hana ni taliya kyauta, shi ne zai biyo ni har gida da allura kyauta?" Ba mu da amsar da za ta wanke gwamnati, ba mu kuwa neme ta ba. Abin da muka ce masa shi ne, "Baba, fushinka yana kan hanya, amma cutar ba ta san da wa ka ke fushi ba."

Wannan ba sabon karatu ba ne gare mu a arewa. A 2003 aka tashi da magana cewa ɗigon shan inna da a ke yi wa yara an gauraya shi da maganin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Kano ta fi daɗewa, kusan shekara guda, sai a ƙarshen Yuli na 2004 Gwamna Ibrahim Shekarau ya yarda a ci gaba, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. A 2002 yaran da shan inna ya kama a Nijeriya wajen 200 ne, a 2006 sun haura 1,000. Cutar ta tsallaka iyaka ta koma ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, ta bi ta Chadi da Sudan, ta haye teku zuwa Yaman, har ta kai Indonesiya ɗin kanta a 2005. A watan Fabrairu na 2013 aka harbe mata tara masu aikin ɗigon a Kano. Sai ran 25 ga Agusta, 2020, muna tsakiyar korona, aka shaida cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Waɗanda suka yanke shawarar ƙin ɗigon nan manya ne, da ƙafafunsu biyu suka ci gaba da tafiya. Yaran da aka yanke wa shawarar yau samari ne da 'yan mata, muna ganinsu a kan kekunan guragu a bakin tasha. A shekarun nan waɗansu daga cikinmu sun girgiza kai suna cewa abin maƙwabta ne, mu ba mu yin haka. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ba a shafa wa namu ruwa ba. Da 2021 ta zo, zancen hana haihuwar nan ɗaya ne muka ji a ƙofar majami'a, ko tufafi bai sake ba.

Inda aka fi ganin abin da ƙin allura ya yi a lokacin korona shi ne Amurka, gama su suna da allura har ta yi musu yawa, suna kuma ƙidaya kome. Zuwa tsakiyar 2021 duk baligin da ke so zai samu kyauta a kantin magani na unguwarsu. Amma miliyoyi suka ƙi, kuma bincike ya nuna fararen fata na ekklesiyoyin bishara suna cikin waɗanda suka fi ƙi. Sai irin nan Delta ya iso, wanda ya fi na fari saurin yaɗuwa. Cikin Yuli da Agusta asibitoci suka cika a jihohin kudu irin su Luwiziyana da Misisipi da Fulorida, mafi yawan masu kwanciya kuwa waɗanda ba a yi wa allura ba ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙidaya ta ga wanda ba a yi wa ba ya fi wanda aka yi wa haɗarin mutuwa fiye da sau 10. Da gadaje suka cika, mai ciwon zuciya da wanda mota ta buge su ma suka rasa wurin kwanciya, ko da su sun yi tasu allurar. Zuwa Mayu na 2022 waɗanda korona ta kashe a ƙasar sun kai miliyan ɗaya.

A Tanzaniya kuwa shugaba ne da kansa ya ƙi a madadin kowa. John Magufuli ya ce ƙasarsa ta rabu da korona tun tsakiyar 2020, aka daina ba da lissafin masu ciwo, a farkon 2021 kuma ya gargaɗi mutane a kan allurar Turawa. Ekklesiyar Katolika ta ƙasar ce ta yi ƙarfin hali ta buɗe baki, ta ce cikin wata biyu ta binne firistoci fiye da 25 da sistoci wajen 60. Magufuli ya rasu ran 17 ga Maris, 2021, gwamnati ta ce ciwon zuciya ne. Wadda ta gaje shi, Samia Suluhu Hassan, ta miƙa damtsenta a gaban jama'a cikin watan Yuli.

Namu labarin ya fi wannan rikitarwa, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa talaka laifin duka. Sa'ad da Delta ya shigo Nijeriya a watan Yuli na 2021, allurar fari ta riga ta ƙare, gama Indiya, inda a ke yin ta, ta tsai da fitarwa domin nata mutanen suna mutuwa. Mai so ma bai samu ba sai cikin Agusta. Daga baya ƙasashe masu arziki suka riƙa aiko mana da ragowar tasu wadda ta kusa lalacewa. Ga guntun wa'adi, ga mutane suna ja da baya, sai a watan Disamba na 2021 aka kwashe allura fiye da miliyan ɗaya aka murƙushe a juji a Abuja. Shekarar ta ƙare waɗanda aka yi wa cikakkiya ba su kai biyar cikin ɗari ba. Da gwamnatin tarayya ta ce ma'aikatanta su nuna kati daga 1 ga Disamba, sai aka shiga cinikin kati ba allura. Lissafin hukuma ya ce mutum 3,000 da 'yan kai ne korona ta kashe a ƙasarmu. Yawanmu matasa ne, wannan ya taimake mu ƙwarai. Amma kowa ya san tsoffi nawa aka binne a shekarun nan aka ce zazzaɓi ne ko tsufa, ba tare da an gwada su ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka gwada, mun san ta. Tsohuwar shugabar zumuntar mata ce a ekklesiyarmu, tana da ciwon sukari, jikokinta uku sun bi ta ajinmu. Sa'ad da ma'aikatan lafiya suka kafa tebur a gindin mangwaron makarantarmu, ta so ta zo. Ita mai lamba ce a damtse, ta kuma ga agana da idonta tana yarinya, allura ba ta ba ta tsoro. Ɗanta ne ya hana. Shi ne mai ciyar da gidan, kuma ya ga wani hoto mai motsi a wayarsa inda aka ce masu ciwon sukari ne allurar ta ke fara kashewa. Ba mugun ɗa ba ne. Ƙauna ce ta sa ya tsaya a ƙofa ya ce, "Mama, ba za ki je ba." Cikin damina ya dawo daga tafiya da mura da ɗan zazzaɓi, ya sha magani kwana uku ya tashi. Bayan mako guda Mama ta fara tari, numfashi ya gagara, aka kai ta asibiti a birni, aka gwada aka ce korona ce. Kuɗin iskar da aka sa mata ya cinye hatsin shekara da akuya biyu. Ran kwana na tara ta huta. Ba wanda ya ce wa ɗan kome a wurin jana'iza, ba a kuwa bukata.

Abin da ke damunmu ke nan a dukan al'amarin. A gidajenmu mai ƙarfi ne ya ke yanke magana, watau maigida, ko ɗan da ke kawo kuɗi, ko mai wa'azin da a ke jin maganarsa. Shi kuwa mai ƙarfi, in cutar ta kama shi, sau da yawa mura ce ta kwana uku. Wanda ke biyan bashin shi ne wanda ba a tambaye shi ba, tsohuwa a ɗaki, da mai ciwon sukari, da jariri a baya. Mutum ya kan ce jikina ne, ni na san abin da zan sa masa. Gaskiya ne in ciwon haƙori ne. Amma cutar da ke bin numfashi, a gidan da mutum goma su ke kwana ɗaki uku su ke ci a kwano ɗaya, ba jikin mutum ɗaya ta shafa ba. Ko a Littafin Firistoci sura 13, wanda a ke shakkar ciwon fatarsa a kan keɓe shi kwana bakwai a sake dubawa, ba a bar shi ya yanke wa kansa ba.

Ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa na duniya. Shekara biyun da aka ce za mu mutu a ciki sun wuce tun tuni, mu da aka yi wa a gindin mangwaro muna nan muna cin alli, malamarmu ta aji biyu kuwa ta haifi tagwaye. Da a nan maganar ta tsaya, da ba mu dame ku da ita ba. Amma tsoron bai tafi tare da korona ba, ya koma kan allurar yara.

Mun fara lura da shi wajen ɗaukar sababbin yara. A kan tambayi katin asibiti domin a ga ranar haihuwa. Yaran da aka haifa a 2020 da 2021, da yawa katinsu layi ɗaya ko biyu ne aka cika, sauran fari fat. Waɗansu kulle ne ya hana uwayensu zuwa, waɗansu kuwa suka ce mana a fili maigida ya ce kada a ƙara kai masa yaro wurin allura, ko wace iri ce, gama ba a san abin da a ke zubawa a ciki yanzu ba. Ba garinmu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a 2021 yara miliyan 25 a duniya ba su sami cikakkiyar allurar jarirai ba, koma bayan da ba a ga irinsa ba cikin shekara 30. Nijeriya kuwa, wadda tun dā ma tana baya, an ƙidaya mata yara fiye da miliyan 2 da ba a taɓa yi musu ko ɗaya ba.

A ƙarshen 2022 mashaƙo ya tashi a Kano. Cuta ce da yawancin iyaye na yanzu ba su taɓa gani ba, tana kama maƙogwaro ta shimfiɗa wata fata mai toka-toka a ciki har yaro ya kasa haɗiya, ya kasa numfashi, wuya ya kumbura, dafinta kuma ya kan taɓa zuciya. Cikin 2023 ta kama dubbai, ta kashe ɗaruruwa, mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma mafi yawansu ba a yi musu cikakkiyar allura ba. Ta bi Yobe da Katsina da Bauchi da Borno, ta ɓulla a Kafanchan, ta tsallaka har yankin Damagaram a Nijar. Rigakafinta kuwa ba sabo ba ne, ba kuma a gaggauce aka yi shi ba. Tun kafin a haifi iyayenmu a ke amfani da shi. Yana cikin allurar nan mai kare cuta biyar, wadda a ke yi wa jariri a cinya yana da mako 6, da mako 10, da mako 14. Sau uku ɗin nan dole ne, ɗaya ba ta isa ba. A wata 9 a yi ta ƙyanda da ta shawara, a wata 15 a ƙara ta ƙyanda. A asibitin gwamnati kyauta ne.

Tun daga lokacin, a makarantarmu ba mu duban ranar haihuwa kaɗai, mu kan buɗe katin mu duba layukan. Ba mu korar yaro saboda katinsa, gama ba shi ya yanke shawarar ba. Mu kan aika a kira uban, ba uwar ba, tun da mun san inda maganar ta ke. Mu zauna da shi a ofis, mu bar shi ya faɗi nasa duka, na Pfizer da na taliya da na 666, sa'an nan mu faɗi namu. Waɗansu su kan tashi yadda suka zo. A farkon zangon da ya wuce wani ya saurare mu har ƙarshe bai ce uffan ba, ya sa hularsa ya fita. Ran Talata, ranar allura a ƙaramin asibitin garinmu, muka hangi matarsa ta wuce ta bakin makaranta, jariri a baya, ɗan shekara huɗu a hannu, da kati biyu a cikin leda.